Dundumi a Gidan Mai Hatsi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga Mai-sunan-Baba,

Gaisuwa mai yawa daga gida. Ina fata takardar nan ta same ka a tsaye da ƙafafunka, kai da iyalinka. Allah ya sa kun sauka Badun lafiya, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin baƙunta. Innarka tana gaishe ku, haka ƙanwarka Kulu da ta zo daga Bafarawa. Labarin gari ba za ni ɓata takarda a kansa ba. Yadda ka bar Turba haka take, sama fes, gero ya ƙone a tsaye.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna. Kai ɗan fari ne. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ba, don haka na taras ana yi. Ranar da kuka tafi ma, abin da ya iya fita daga bakina bai wuce "Allah shi tsare" ba. Amma akwai maganar da kunya ba za ta sa in haɗiye ba, ga shi kuwa ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci ya yi mini rana.

Da farko ka sani na ji daɗin yadda ka tashi. Samari da yawa bana sulalewa suka yi, suka bar mata da rumbu wayam, sai dai a ji labarinsu a bakin direbobi. Kai ka zo ka durƙusa ka nemi izini, ka bar mana ɗan hatsin da ka samu, ka ce matarka ƙafarka ƙafarta. Da na shiga masallaci ran nan ji na yi na fi kowa tsawo. Ina alfahari da kai, kuma yau na faɗa.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Matarka Balki ba ta gani in rana ta faɗi.

Ana gobe za ku tafi, ina zaune a bakin zaure bayan an sallame magariba. Akwai sauran haske, don ni tsoho ina iya rarrabe akuyarmu da ta maƙwabta. Sai ta fito da akushina. Na ga tana jan ƙafa a ƙasa, hannunta ɗaya yana bin danga. Ta yi tuntuɓe da butar da ke tsakar hanya, ta durƙusa ta ajiye tuwon a ƙasa gefen tabarma, tana gaishe ni tana duban inda ba nan nake ba. Ni suruki ne, ba ni da bakin tambaya. Na tura innarka. Ta ja ta gefe ta ce, "Ke ɗiyata, mi as samu idonki?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komi, Inna. Hayaƙin murhu na."

Ba hayaƙi ba ne, dundumi ne. Ga ta da juna biyu, cikin fari kuma, wanda ko sunansa ba za ta yarda ta ambata ba. Mutanenmu sun mai da dundumi abin wasa. In yaro ne a yi ta tsokanarsa, in mai ciki ce a ce ai da ta sauka zai wuce. Ni ba na dariyar dundumi. Kana ganin idon Kulu na hagu tun kuna yara, fari fat, ba ya ganin komai. An ce maka ƙyanda ce. Ƙyanda ce ta ƙarasa, amma ba ita ta fara ba.

Farin da aka yi kana yaro, wanda ya share shanun Fulani, ya same ni da hatsi. Wannan kam har gobe ina jin daɗinsa. Na yi noma, na yi tsimi, rumbunana cike da damman shekarun baya, a lokacin da wasu ke tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar gero. Ban kai kasuwa don tsada ba, ban kuma rufe wa maƙwabci ƙofa ba. Sai dai hatsin kaɗai gare ni. Nono ya ɗauke, don Fulanin da muke ba gero su ba mu nono da man shanu sun kora abin da ya rage musu sun yi kudu. Kukokin bayan gari an zage su tas. Busasshiyar kuɓewa ta ƙare. Miyarmu ta koma ruwa da daddawa da gishiri, fura kuwa da ruwan rijiya ake dama ta.

Matan gari suka fantsama daji neman ganye. Tafasa in an dace a bakin gulbi, yaɗiya da ba ta jin fari, ganyen jiga, tofon aduwa. Su dafa, su matse, su kwaɗa da ɗan ƙuli in akwai. To ka san garinmu. Ganin mace da kwandon ganyen daji a ka, shela ce cewa rumbun mijinta ya yi ƙasa. Wata safiya innarka ta same ni ina gyaran igiyar jaki, ta ce, "Malam, in bi su Tumba daji in samo muna ɗan ganye? Yaran ga tuwo tsura su ka ci."

Tumba ita ce maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ya bar ta da yara maza, ka tuna da ita. Na ajiye igiyar na ce, "Gidana? Ni da kakannina sunka tsaya yaƙin Alƙalawa? A ce an ga matata da kwandon tahwasa ina da hatsi? Ba a yi ba, kuma ba za a yi ba!"

Ta juya ta koma madafa. Innarka ba ta musu da ni a lokacin, sai daga baya ta koya.

Kai da yake ɗan fari ne, ba mai jan ka a jiki. A gidan Tumba kake wuni, kana cusa hannu a kwanon kwaɗon 'ya'yanta. In ka dawo da koren ganye a haƙora in ɗaga maka sanda, gobe ka koma. Taurin kai dai ba daga nesa ka ɗauko shi ba. Kulu kuwa ita ce 'yar lelena. Ba ta zuwa gidan kowa. A akushina take ci, tuwo fari sol, kumatunta sun cika. 'Ya'yan Tumba ƙafafu kamar sillen kara, ina kallonsu ina tausayi, ban lura da cewa idanunsu tar suke ba.

Sai Kulu ta ɗauki wani hali da na yi ta yabo. Da rana ta fi kowa ɓarna, amma da an kira magariba sai ta zo ta lafe a jikina, sauran yara na guje-guje ita ko motsi. In aka aike ta ɗaki ta ce tsoro take ji. Ni kuwa in dubi mutanen zaure in ce, "Kun ga ɗiyar gidan mutunci ko? Ba ta yawon magariba." Yarinya ba ta gani, ubanta na tallar tarbiyyarta. Innarka ta nuna mini wani ɗan abu a farin idonta, busasshe, kamar kumfar sabulu. Na ce kwantsa ce, a wanke mata fuska.

Ƙyanda ta shigo gari. Ta kama 'ya'yan Tumba, suka yi kwanakinsu suka tashi. Ta kama ka, ka tashi. Da ta kama Kulu sai ta sauka a ido. Ta runtse, ba ta son haske, ko kuka ta yi hawaye ba ya zuwa. Da muka buɗe na hagu da ƙyar, baƙin ya dishe ya yi laushi. Ran nan na ɗora ta a jaki, innarka na riƙe da ita, muka nufi asibitin garin Isa.

Malamin asibitin wani dogon Bazamfare ne mai faɗa. Ya duba idon, ya dubi kumatunta, ya dubi rigata da zanen fuskata, ya ce, "Mi taka ci?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Tuwo, sahe da marece. Ba ta taɓa kwana da yunwa ba."

Ya ce, "Tuwo da mi?"

Na ce, "Da ruwan daddawa da gishiri."

Shi ne ya fara gaya mini abin da nake so ka riƙe. Ya ce hatsi na cika ciki, yana ba da ƙarfin aiki, amma akwai wasu 'yan abubuwa da Allah ya zuba a cikin abinci, ba a ganinsu, ba a jin ɗanɗanonsu, jiki kuma ba ya yi sai da su. Sunansu bitamin. Kowanne da aikinsa, an raba musu haruffa don a gane su. Na ido shi ne mai harafin A. Yana cikin hanta da ƙwai, da nono da man shanu, da koren ganye, da kabewa da mangwaro da manja. In ya ƙare a jiki, ganin yamma ke fara tafiya, sannan ido ya bushe. In ƙyanda ko zawo suka zo suka taras babu shi, sai idon ya lalace, wani lokaci ma su tafi da yaron ɗungurungum. Ya ɗauko wata 'yar ƙwaya mai taushi, ya yanke bakinta da almakashi, ya matse ɗan man da ke ciki a bakin Kulu. Ya ce, "Na dama shina tsira in Allah ya so. Na hagu kun makara."

Saboda haka, ɗana, cikar ciki daban, lafiya daban. Kada ka dubi Balki ka ce ai ba ta rame ba, ai buhun gari na ɗaki. Ka dubi abin da ke kan tuwon. In kwano ya wuni ba kore ba ja a cikinsa, gidanka yunwa ake yi, ko da kowa na gyatsa. Kuma kada ka taɓa auna abinci da abin da mutane za su ce. Mutanen da na ji kunyarsu ran nan, ba wanda ya raka ni Isa.

A hanyarmu ta dawowa ina jan jaki, sai wani abu ya faɗo mini a rai har na tsaya cik. Babbar Sallar shekarar, ni ina cikin 'yan kaɗan da suka yi layya a garin. Rago na yanka, don a san gidana da sauran ƙarfi. Ka san yadda ake yi. Da an feɗe, hanta ake fara cirowa a gasa a kai zaure, maza su ci su yi hamdala, mata da yara su jira kayan ciki da romo. Haka aka yi. Muka cinye ta tas da liman da baƙi, Kulu na zaune a gefena tana kallon bakina. Na ba ta tsokar cinya, don a ganina ita ce mai daraja. Maganin idonta na tauna na haɗiye a gabanta. Haka ƙwan zabin da aka samu kafin su daina yi, kasuwa aka kai, don mun gaji cewa yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Na tsufa yanzu, na ga ɓarayi iri-iri, ban ga wanda ƙwai ya koya wa sata ba.

To kai ne maigida yanzu, zaurenka ɗan ɗaki ne a garin mutane. In ka sayi nama, ka sa mahauci ya haɗa maka da ɗan yankin hanta, ka kai wa Balki. Da hannunka za ka miƙa mata, ka zauna har ta ci. In ka ajiye ka fita, za ka dawo ka taras ta rufe maka shi da faifai, don haka aka tarbiyyantar da ita. Ba za ta taɓa cewa tana so ba. Ɗan yanki kawai, jefi-jefi, ba kullum ba, don hanta ƙarfi gare ta, mai ciki ba ta cika ta da yawa. Ƙwai kuwa ta ci abinta. Abin da ta ci su biyu suke rabawa, kuma na cikin ba ya jin kunya, nasa yake fara ɗiba. In ta sauka da jiki wayam, nononta ma haka zai zo, sai abin ya koma kan jariri.

Bari in gaya maka abin da na yi washegarin dawowarmu, don shi ne abin da na fi alfahari da shi a rayuwata, fiye da rumbunan. Na sa rigata ta zuwa Juma'a, na ɗauki kwandon innarka, na bi Tumba daji ta nuna mini yaɗiya da jiga. Na cika shi taf, na ɗora a ka. Akwai hanyar bayan gari da za ta kai ni gida ba wanda ya gani. Ban bi ta ba. Ta tsakiyar gari na ratso, ta gaban masallaci, lokacin da dattawa ke zaune a inuwa. Wani abokin wasana ya ɗaga murya ya ce, "A'a! Jikan Alƙalawa, rumbu ya faɗi ne?"

Na ce, "Rumbu na nan tsaye. Wanda ad da ɗiyan da ba su gani da marece, shi biyo ni gida in nuna mai idon tawa."

Dariyar ta mutu. Kafin la'asar mutum biyu sun yi sallama a zaurena, kowanne yana jan yaro, suna magana ƙasa-ƙasa. Ashe ba gidana kaɗai ba ne, kuma duk gidajen masu hatsi ne. Daga ranar innarka ta shiga gaban matan unguwa. Ita ta dasa zogalen da ke bayan ɗakinmu, tana ba shi ruwan wanke-wanke, ba ta bar ɗigo ya zube a banza ba. Ita ta gano cewa ganyen da aka shanya a inuwa yana riƙe korensa, na rana kuwa ya koma kamar ciyawa, daga baya malamin asibiti ya ce gaskiyarta, rana na cinye amfaninsa. Ba a yi sati ba Kulu ta tashi daga jikina da magariba ta bi yara da gudu. Ban taɓa murnar ganin yaro ya ƙi zama ba sai ran nan.

Akwai wani kuskuren da a jikina ya fito. Ni mutum ne mai son farin tuwo. Sai an surfe gero, an wanke, an sake wankewa, dusar a zuba wa jaki. Ganyen da muka fara ci kuma, sai a zabga masa kanwa a dafa shi har ya yi ligif a zubar da ruwan. Jakina ya yi ƙiba yana sheƙi, ni kuwa gefen bakina ya tsattsage, harshe ya yi ja, tafin ƙafa na zafi kamar na taka toka. In na yi asuwaki sai jini. Na ɗauka tsufa ne, alhali ko furfura ban fara ba. Da na mai da Kulu a sake duba ta, malamin asibitin nan ya dubi bakina ya yi tsaki, ya ce na ba jaki rabona. Masu harafin B a jikin dusa suke da wake da gyaɗa, su ke riƙe fata da jijiya. Mai harafin C kuma, mai tsare dasashi da warkar da rauni, yana cikin magarya da garin 'ya'yan kuka da lemo da ɗanyen tumatir, kuma kanwa da doguwar dahuwa kashe shi suke yi. Don haka ka gaya wa Balki ta rage wankin hatsi, ta sassauta hannu a kanwa, ta sauke ganye da sauran korensa, ta sa masa ɗan mai ko ƙuli don jiki ya iya karɓa. Ganyen nan shi ne kuma ke taimakon jini, mai ciki kuwa in jininta ya yi ƙasa, ranar haihuwa ake gane kuren.

Na ƙarshe gajere ne, amma kada ka raina shi. Da na ga abin da 'yar ƙwaya ɗaya ta yi, sai na haukace da son ƙwayoyi. A kasuwa na sami wani mai tallar magani a faranti, bakinsa kamar ana zuba tsaba, ya ce nasa duk bitamin ne, ja da rawaya da kore. Na kwaso na yi ta ɗura muku safe da yamma. Kai ka yi ta amai, Kulu ta riƙe kai tana kuka. Innarka ta tattara sauran ta watsa a masai, ta ce mini, "Malam, wancan karon girman kai, wanga karon gaggawa. Ka bar muna yaran hakanan." Ita ke da gaskiya. Abin da jiki ke so kaɗan, in ya yi yawa ciwo ne. Musamman ƙwayar maganin idon nan mai ƙarfi, ba a ba mai ciki ita da ka, tana iya taɓa abin da ke cikin. Saboda haka ranar da takardar nan ta shiga hannunka, washegari ka sa Balki gaba ku tafi asibiti inda ake awon ciki. Kai za ka yi magana, don ita cewa za ta yi lafiya lau. Ka ce musu ba ta gani da yamma. Abin da suka ba ta shi za ta sha, yadda suka ce. Na faranti da na cikin mota, ko kyauta aka ba ka, kada ya shiga ɗakinka.

Yanzu bari in taɓa ka inda na san kana da ciwo, don ciwon nawa ne ka gada. Ka sauka a ƙasar bayinmu Yarbawa, abokan wasanmu, ka gaishe mini da su, ka ce ubangidansu na nan yana fama da fari. Na san ka. Za ka ga miyarsu ja wur da manja, ganye har ya fi ruwa yawa, ka ɗaga hanci ka ce kai Bagobiri ba ka cin wannan, ka koma ɗaki kuna dama gari da sukari kai da matarka. Mun shekara muna yi musu dariyar manja, to wannan karon su suka ci mu, amma kada ka gaya musu na faɗa. Man nan ja, cokali guda a miya, yana ɗauke da abin da na rasa a gidana da rumbuna cike. Allah ya kai ka inda ganye ba ya yankewa, gwanda da mangwaro da lemo na zube a bakin hanya. Mu nan sai mun yi tafiya kafin mu cika kwando. In matar maƙwabcinka ta miƙo wa Balki kwanon miya, kada ka ce a mayar. Ka karɓa da hannu biyu, ka ce ta shiga ta koyi yadda ake yi.

Direban motar shanun da zai kawo maka takardar nan zai ba ka ƙullin tsumma. Zogale ne da yaɗiya, shanyar inuwa, da ɗan garin kuka. Kulu ce ta haɗa. Ka san yanzu a Bafarawa garkarta ta fi ta kowa, a farin nan ma kabewarta ta yi, da guga take ba ta ruwa. 'Ya'yanta ba wanda ya taɓa laluben ƙofa. Matan unguwarsu in yaro ya fara lafewa da magariba wurinta ake kawo shi, ta buɗe idon ta duba, ta ce a yi Isa da shi yau ba gobe ba. Ba ta ɓoye idonta na hagu da gyale. Nuna shi take yi, ta ce, "Ku duba da kyau, gidanmu ba a taɓa kwana da yunwa ba." Ba ta taɓa ce mini komai a kai ba, ko sau ɗaya. Da na gaya mata abin da na gani ga Balki, tashi kawai ta yi ta hau tsinkar ganye.

Kada ka tambayi matarka ko ta fara gani, amsarta ɗaya ce. Ga yadda za ka gane. Bayan kun je asibiti, ta ci abin da na lissafa maka, ka jira tsayuwar wata. In an yi magariba ka fito da ita inda ake ganin yamma sosai, ka yi shiru, kada ka nuna mata komai. In ta ɗaga hannu ta nuna maka jinjirin watan da kanta, ka nemi mai zuwa gida ka aiko mana, ko da baki ne. In ba ta gan shi ba, kada ka jira wani watan, kada ka ce aiki ya riƙe ka. Ku koma asibiti, in ma aikin ne zai tafi ya tafi, wani na nan.

Mu ma a yammacin wannan ranar muna bayan gari muna duba, ni da innarka da Kulu, don ta ce ba za ta koma ba sai ta ji labari. Ka san duk garin nan, da malamai da samari masu ido biyu, ba wanda ke riga Kulu ganin wata. Kullum ita ke fara cewa ga shi can, ni kuma in tsaya a bayanta ina jin daɗi ina jin zafi, duk a lokaci guda. Ido ɗaya na bar wa 'yata. Kai ɗiyar mutane aka ba ka da ido biyu, da biyu za ka dawo mana da ita.

Allah ya tsare ku da tsarewarsa, ya sauki Balki lafiya, ya ba mu mai albarka. Allah ya buɗa maka ƙofar arziki ta halal, ya kare ka daga girman kai irin na ubanka, ya jiƙa ƙasarmu da ruwa mai amfani, ya dawo da ku gida muna raye. Amin.

Ni ne mahaifinka,
daga Turba.